Peugeot 504 ko Camry 2.2: wacce ta fi dacewa da mai son gyara motarsa da hannunsa?

Bayan sallar isha'i ɗan yayana ya same ni a ƙofar gida, ya durƙusa ya gaishe ni, sannan ya ce, "Baffa, shawara na zo nema." Malamin firamare ne. Ya shekara uku yana tara kuɗi, ga kuma adashen da ya kwasa, kuɗin sun kai ya sayi tsohuwar mota. Dillali ya nuna masa guda biyu: Peugeot 504 salun, cikin waɗanda aka harhaɗa a Kaduna, da Toyota Camry mai injin 2.2 ƙirar 1998, wadda 'yan kasuwar mota ke yi wa laƙabi da "fensir" saboda siraran fitilunta. Ya ce albashinsa ba zai ɗauki zaryar gareji ba, don haka yana son motar da in ta cije zai iya ɗaga bonet ya duba da kansa.

Duka biyun sun ratsa hannuna. Fijon mahaifinmu ce ta fara zuwa gare ni, na yi shekara 11 da ita, yanzu kuma shekara 7 ke nan ina hawan Camry. Abin da na gaya masa a daren nan shi ne zan shimfiɗa a nan, domin na san masu wannan lissafi suna da yawa.

Duk tsohuwar mota za ta tsaya da kai wata rana, ko wace iri ce. Wanda ya ce maka tasa ba ta taɓa ba shi kunya ba, bai daɗe da ita ba ne. Saboda haka abin da nake aunawa shi ne, ranar da ta tsaya ɗin, shin kai mai ita za ka iya gano ciwon? Injin fetur abu huɗu yake bukata: mai, iska, wuta a kan lokacinta, da matsi a cikin silinda. Rabin gyara shi ne sanin wanne ne ya yanke a cikinsu. A nan ne motocin biyu suka rabu, kowacce da yadda take faɗin ciwonta.

Ita 504 ba ta ɓoye komai. Ka ɗaga bonet za ka hangi ƙasa ta gefen injin. Injin nata mai cin cc 1971 ne, silinda huɗu, a kishingiɗe yake gefe guda, kuma hanyar wutarsa yaro ma zai iya bi da yatsa: daga batir zuwa makulli, daga makulli zuwa kwayil, daga kwayil zuwa distribita, sannan wayoyi huɗu su kai wa fulogogi. In ta ƙi tashi alhali kik yana juyawa, zare wayar tsakiya daga kan distribita, riƙe ta da filaya mai robar hannu kusa da ƙarfen inji, wani ya murza makulli. Ka ga tartsatsi shuɗi yana tsalle, to wuta lafiya. Ba ka gani ba, ɓalle maƙalai biyun da ke riƙe da murfin distribita, ga kontak nan, ɗan ƙarfen da ke buɗewa da rufewa yana sa kwayil ya ba da wuta, yana kallonka. Tazarar bakinsa in ya buɗe milimita 0.4 ce. Ɓangaren mai kuwa ya fi wannan sauƙi: cire tiyon da ke shiga kafireto, ka sa bakinsa cikin gora, a juya inji. Famfon mai nata na ƙarfe ne, injin ne ke motsa shi, in yana da rai za ka ga mai yana tultulowa.

Wata ranar kasuwa, dab da magariba, muna dawowa daga wajen Ningi, motar ta fara ciccijewa har ta mace a inda babu gida ko ɗaya. Na gwada wuta, babu. Da na buɗe distribita sai na tarar ɗan dunduniyar kontak ya cinye, bakin ya daina buɗewa sam. Na goge shi da samfefa, na yagi kwalin ashana na sa a tsakani a matsayin ma'auni, na ɗaure. Murzawa ɗaya ta tashi, muka yi isha'i a gida. Ranar na ƙara ganin girman wannan mota, kuma har gobe in ana maganar gyaran bakin hanya ban san wadda ta kamo ƙafarta ba.

Sai dai abin da ya sa take da sauƙin gyara shi ne kuma ya sa take yawan neman gyaran. Kontak yana cinyewa kullum, yana cinyewa tayimin yana gocewa, tayimin ya goce ƙarfi ya ragu, shan mai ya ƙaru. Bawul-bawul nata da hannu ake saita su, inji a sanyaye, na shigar mai milimita 0.10, na fitar hayaƙi 0.25. Ga kafireto, wanda ƙurar hunturu da dattin man bumburutu ba sa barinsa ya huta. Yau jet ɗin silo ya toshe mota tana mutuwa a duk randabawul, gobe allurar fulot ta ƙi rufewa mai yana ambaliya kana jin warinsa a cikin mota. Babu wanda ya fi ƙarfinka a cikin waɗannan, amma suna son lokaci. Mai 504 da ke son ta zauna lafiya sai ya ba ta safiyar Asabar aƙalla sau biyu a wata. In kana jin daɗin wannan, ni'ima ce. In kuwa Asabar ɗinka ta riga ta cika da ɗaurin aure da gona da darasin yamma, za ka wayi gari kana jin haushinta.

Camry kuwa ba ta da yawancin waɗancan. Daga ƙirar 1997 injin nata, wanda ake kira 5S-FE, ba shi da distribita. Kwayil biyu ne, kowanne yana ba fulogi biyu wuta. Babu kontak, babu kafireto. Nozul huɗu ne ke fesa mai, famfon lantarki da ke cikin tanki yana turo musu, sannan ƙwaƙwalwar motar, wadda makanikai ke ce wa birenbos, ita ke ƙayyade yawan mai da lokacin wuta bisa abin da sensa-sensa suka gaya mata. Wannan ƙwaƙwalwa ce ke tsorata mutanenmu. Ni ma da tsoron na fara. Daga baya na gane ita ce ma babbar mataimakiyar mai gyara da kansa, in dai ya yarda ya koyi yadda ake tambayarta.

Tun daga 1996 dokar Amurka ta wajabta wa duk motar da za a sayar a can ta zo da wata soket mai ramuka 16 a ƙarƙashin dashbod, wajen gwiwar direba. Sunan tsarin OBD-II. Akwai 'yar na'ura da ba ta fi akwatin ashana biyu ba, ana kiranta ELM327, kana cusa ta a soket ɗin ta haɗu da wayarka ta Bluetooth, motar ta karanto maka lambar abin da ke damunta. P0301 na nufin silinda ta ɗaya tana misin, wato ba ta ƙona mai yadda ya kamata, haka har zuwa P0304. P0171 na nufin iska ta rinjayi mai. P0401 hanyar EGR ce, wadda ke mayar da wani ɓangare na hayaƙi cikin inji, ta toshe da baƙin hayaƙi, kuma wannan ciwon gidan Camry ne. P0115 sensar zafin ruwa, P0335 sensar karanshaf. Kuɗin na'urar bai kai na zuwa wurin mai kwamfuta sau biyu ko uku ba.

Amma a kula da kyau, lambar unguwa take nuna maka, ba ta nuna gida. Na ga wanda P0171 ta sa ya sayi nozul huɗu da famfon mai, ashe wani ɗan tiyon iska ne ya tsage a bayan inji. In lamba ta ambaci sensa, fara duba soket ɗinta da wayarta, ko ɓera ya ci, ko tsatsa ta kama, kafin ka zaro kuɗi. In ta ce silinda ta biyu tana misin, musanya fuloginta da na ta ɗaya, ka goge lambar, ka ga ko ciwon zai bi fulogin ya koma can. Wannan irin bin sawu shi ne ainihin aikin, kuma malamin makaranta ya fi kowa dacewa da shi. Wani abin lura kuma: ba kowace Camry ta wancan zamani ce 'yar Amurka ba. Waɗanda suka fito daga Turai kafin 2001 ko daga ƙasashen Larabawa ba lalle su amsa wa wannan na'ura ba. Duba takardar da ke manne a cikin bonet, in 'yar Amurka ce za ka ga an rubuta OBD II a jiki.

To in Camry ta ƙi tashi fa? Murza makulli zuwa inda fitilun dashbod ke kamawa, ka nemi fitilar nan mai hoton inji. Dole ta kama. In ba ta kama ba, galibi wuta ce ba ta isa ƙwaƙwalwa ba, sai ka buɗe akwatin fiyus na cikin bonet ka duba fiyus da rile masu rubutun EFI. In ta kama, ɗaga kujerar baya, ka kara kunne a kan murfin tanki wani yana juya inji, ka ji ko famfo yana kuka. Wuta kuma, sa wani fulogi a bakin waya ɗaya, ka jingina ƙarfensa da jikin inji, a juya. Cikin minti goma za ka san inda matsalar take. Illar ita ce sanin ba kullum yake kai ka gida ba. Famfon lantarki ko sensar karanshaf in suka mutu, babu samfefa babu kwalin ashana, sai sabo. In a cikin gari ne, ɗan sahu zai kai ka kasuwa ka dawo. In a dajin Falgore ne da dare, ka shiga uku. Haka in batir ya yi sanyi: 504 mai giyar hannu ce, samari uku su tura ka saki kuloci a giya ta biyu ta tashi. Camry otomatik ko garin duka ya taru ya tura ba za ta tashi ba, sai an kawo wani batir da wayoyin jona wuta.

Tunda an zo kan batir, akwai wata al'ada da nake roƙon kowa ya bari. Masu wayarin da yawa suna cire kan batir inji yana aiki, wai don su gane ko altaneta tana caji. A kan 504 sau da yawa ana tsira. A kan Camry wutar da ke tashi a lokacin tana iya ƙona ƙwaƙwalwa. 'Yar mita ta isa: batir mai lafiya a kashe yana nuna wajen bolt 12.6, inji yana aiki kuma tsakanin 13.8 da 14.4. Kada ka bari kowa ya yi maka wancan gwajin, ko da ya girme ka.

Tayimin na 504 sarƙa ce, tana daɗewa ƙwarai, kuma kafin ta gaji za ta yi ta ƙarar gargaɗi. Na Camry bel ne na roba, ba ya sallama, ana canza shi duk bayan kilomita kusan 100,000. Alherin da ke cikin wannan inji na 2.2 shi ne ko bel ɗin ya tsinke kana tafiya, fistin ba ya dukan bawul. Mota za ta mutu kawai, a sa sabon bel a daidaita alamomi ta tashi. Injuna da yawa ba su da wannan rangwame. Bel ɗin ne kuma ke juya famfon ruwa da famfon baƙin mai, don haka ranar da ka buɗe wurin ka canza famfon ruwa da sil-sil ɗin gaba ɗaya, musamman na famfon baƙin mai, wanda ya saba yoyo in mota ta tsufa. Aikin yini guda ne ga mai natsuwa, amma karon farko ka yi shi tare da wanda ya taɓa yi.

Maganar zafi ita ce na fi daɗewa a kanta da ɗan nawa, don ita ce ke kashe injuna a ƙasarmu, musamman daga Maris zuwa Mayu.

Lagireton 504 na tagulla ne, ko'ina ya huje mai gyaran lagireto zai like shi da dalma. Fankarta a jikin famfon ruwa take, tana da wani maganaɗisu da ke kama ta in zafi ya kai, kodayake yawancin waɗanda ke yawo yanzu an daɗe da ɗaure ta tana juyawa kullum. Haɗarin yana can ciki. Tof silinda na alminiyam ne a kan bulok na ƙarfe, silindojin kuma silif ne da ake zurawa, ruwa yana zagaye su kai tsaye. In ta yi mummunan zafi tof yana lanƙwashewa, gasket ya ƙone. Canza gasket ɗin ba gagara ba ne, na yi sau biyu a tsakar gida. Sharaɗi ɗaya ne wanda in ka karya shi ka jawo wa kanka aiki: da zarar ka ɗaga tof, kada ka juya inji ko kaɗan sai ka danne silif ɗin da noti da faffaɗan wasa. In silif ya ɗaga, sil ɗin gindinsa ya saki, ruwa zai gangara cikin baƙin mai, ka ga mai ya koma kamar kunun gyaɗa, sai an sauke inji duka. Amfanin wannan tsari kuma shi ne inji ba ya tsufa har abada. In ya gaji, a sa sabon silif da fistin da ringi, ya dawo kamar jiya aka yi shi. Shi ya sa har yau ake ganin wagon da a-kori-kura na 504 suna jigilar buhuna a kasuwannin ƙauye.

Lagireton Camry samansa na roba ne. In ya tsufa yana tsagewa a wajen wuya, kuma liƙi ba ya riƙe shi, canzawa ake yi, aikin da bai wuce awa ɗaya ba. Fankokinta na lantarki ne, suna kamawa su saki da kansu. A nan ne ake yi wa wannan mota babban zalunci. Da ta shigo ƙasa sai a ce tamostat, wato abin da ke tare ruwan lagireto har sai inji ya ɗumama, na ƙasar sanyi ne, a cire a yar, a haɗa fanka kai tsaye da makulli. Tamostat ɗinta a digiri 82 yake buɗewa, kuma injin an ƙera shi ne ya yi aiki a sama da haka kaɗan, ko a Kanada ko a Nguru. In aka cire shi, inji yana daɗewa bai ɗumama ba, sensa tana gaya wa ƙwaƙwalwa har yanzu da sanyi, ita kuma tana ta ƙara mai kamar wanda ya ja cok ya manta. Fulogi ya yi baƙi, fetur ya riƙa wanke bangon silinda yana tsinka baƙin mai, aljihunka yana ƙonewa. Tawa haka na same ta. Na mayar da tamostat, na mayar da fanka kan sensarta, na zubar da ruwan rijiyar da ke ciki na zuba ruwan lagireto na gaskiya, tun a makon farko na ga bambanci a gidan mai. Kuma tun daga lokacin allurar zafi ba ta taɓa wuce tsakiya ba, har a cunkoson azahar na watan Afrilu. A kowace mota dai, kada ka buɗe murfin lagireto da zafinsa. Na san mutumin da tabon hakan ke fuskarsa har yau.

Wannan inji na Camry yana da wani rauni da ya shahara da shi: in aka yi sakaci da juyen baƙin mai, man yana daskarewa a ciki kamar kwalta ya toshe hanyoyi. Kafin ka saya, buɗe murfin da ake zuba mai ka haska tocila, ka duba ƙasan murfin. In ka ga baƙin ƙulli-ƙulli, ka yi sallama da motar komai kyan fentinta.

Daga ƙasa kuwa, 504 sarauniya ce. Tana da tsayi, tayoyin baya ke tura ta, ƙafafunta suna da dogon numfashi, tana shanye rami kamar ba ta gan shi ba. Ba banza ba ta ci gasar Safari ta Kenya a 1975, shekarar da masana'antar Kaduna ta fara aiki. Camry gajeriya ce, tayoyin gaba ke ja, ƙasan injinta yana kusa da ƙasa, kuma burji da yashi suna yaga robar shaf ɗinta. In ka ji ƙas-ƙas-ƙas lokacin da ka karya kwana, shaf ne, yashi ya riga ya shiga. Duba robobin nan duk wata, in ka kama yagewar da wuri roba da giris kawai za ka saya. Canza takalmin birki a duka biyun aiki ne mai sauƙi. Canza kuloci a 504 salun kuwa ba aikin mutum ɗaya ba ne, saboda furofela tana cikin wani bututu da ya haɗe giyabos da aksul na baya, sai an ja na bayan ko an ɗaga inji. Giyabos ɗin Camry otomatik shi ne abu guda da ba za ka taɓa gyarawa a gida ba. Abin da ke hannunka shi ne kiyaye shi: man ya kasance ja, ba warin ƙuna, irin Dexron da aka rubuta, kuma ka sani difarenshal ɗinsa yana da nasa man daban wanda mutane da yawa ba su ma san da shi ba. Ko wacce ka shiga ƙarƙashinta, kada ka dogara da jak kaɗai. Sa gungumen itace mai ƙarfi, ka tare tayoyi da duwatsu.

Kayan gyara duka ana samu, a Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, amma yanayin samun ya bambanta. An fito da 504 a Faransa a 1968, Kaduna ta ci gaba da harhaɗa ta har wajen 2006, shekaru da dama bayan Turai ta bar ta. Yau yawancin sababbin kayanta kwaikwayo ne, wani ya yi shekara, wani ya yi mako. Kontak da kondensa sai ka riƙa ajiye na biyu a cikin mota. Dattawan makanikan da ke saita kafireto da kunne kuma suna ta raguwa, yaran da suka taso ba su koya ba. Kayan Camry 'yan Beljiyam kuwa sun cika kasuwa, kuma a ganina tsohuwar sensa ta asali ta fi sabuwa ta kwaikwayo. Fuloginta masu ƙafa biyu ne, Denso ko NGK, kada a sa maka kowanne aka ga dama. Hatta sifanu sun bambanta: Bafaranshiya tana son 11 da 13 da 17, 'yar Japan tana son 10 da 12 da 14.

Sai maganar da ba a iya tsallakewa tun daga Mayun 2023 da aka cire tallafin fetur. Ko an saita 504 yadda ya kamata, ta fi Camry mai lafiya shan mai, balle a cikin gari inda ake tafiya ana tsayawa. Abin da ka tsira da shi na kuɗin makanike yana iya zubewa a gidan mai ba ka sani ba. Ga kuma iyali. Camry tana da jakar iska biyu a gaba da jikin da aka ƙera ya shanye karo, 504 kuwa ƙirar shekarun 1960 ce, ƙarfenta mai kauri ne amma kaurin ƙarfe ba shi ke kare na ciki ba. Wannan ya yi mini nauyi a zuciya da na tuna matarsa da 'ya'yansa biyu ne za su riƙa zama a ciki.

Na ce masa, "Da a ce an tura ka wata makarantar ƙauye ce mai hanyar burji, inda mai sayar da kayan mota mafi kusa yake tafiyar awa biyu, kana kuma ɗauko hatsi daga gona, da 504 zan ce ka saya, wagon ma in ka samu, ban ko yi shakka ba. Amma kai a cikin gari kake, tafiyarka gida zuwa makaranta ce da ziyarar 'yan'uwa, kana da waya, kana iya karatu da bin abu daki-daki. Camry ce taka. Sai dai mai fulogi huɗu, kada a ruɗe ka da V6 mai fulogi shida, don fulogi uku na bayanta suna ƙarƙashin manifol, hannunka ba zai kai ba sai da wahala."

Na ƙara masa da cewa hannayen da mota ta ratsa sun fi sunanta muhimmanci. A 504 tsatsa ake tsoro: ɗaga kafet ka duba daɓen, duba inda shokazoba na gaba suka ɗaure, ka buɗe lagireto da sanyinsa a tayar da inji ka ga ko ruwa yana kumfa. A Camry wayoyi ake tsoro. In ka ga an yanka an ɗaura an nannaɗe da salatif ko'ina, to an riga an rikita harshen da za ta yi maka magana da shi, kuma duk fifikon da na ba ta ya rushe. Wasu masu sayarwa ma cire ƙwan fitilar inji suke yi don kada ta tona asiri, shi ya sa za ka tabbatar ta kama da murza makulli, ta kuma mutu bayan inji ya tashi. Ka je da sassafe, ka dafa inji ka ji shi da sanyi kafin a tayar, domin inji mai ɗumi yana ɓoye hayaƙi da ƙara.

Ranar Asabar bayan sallar asuba muka je tare. Fitilar ta kama, amma ta ƙi mutuwa. Na cusa na'urata, wayar ta nuna P0401 ita kaɗai. Ƙasan murfin mai fes, man giya ja, wayoyi ba a taɓa su ba sai na fanka da aka haɗa kai tsaye, wanda ya nuna mini tamostat ma ba ya nan. Muka nuna wa dillalin duka biyun, aka rage mana wani abu, aka yi sallama.

Asabar ta gaba ya kawo ta ƙofar gidana da sabon tamostat da gasket ɗinsa da galan ɗin ruwan lagireto. Na nuna masa inda tiyon ƙasa ya shiga jikin inji, da noti biyun da ke riƙe da murfin, na miƙa masa sifana mai lamba 10, na jawo kujera na zauna. Ya ce, "Baffa, ta wane gefe sifirin ɗin zai kalla?" Na ce ya kalli cikin inji, ɗan ramin iskar kuma ya kasance a sama. EGR muka bar wa mako mai zuwa.